Gidan Fatake na Hanyar Mampong: Littafin Aikin Gyara

4 ga Nuwamba, 2023

Yau bayan la'asar magadan gidan kakanmu suka zauna a zaure, mu goma sha huɗu, kuma bayan doguwar muhawara aka tsaya a kan cewa ba za a rushe gidan ba sai an ba shi shekara ɗaya ana gwada gyara. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗin karo-karo da rubuta duk abin da aka yi, domin 'yan'uwanmu da ke Ankara, babban birnin Gana, da Tamale da Jamus da Amurka su san inda kuɗinsu ke shiga.

Gidan yana bakin hanyar Mampong, a wajen Tafo, wata unguwa ta Kumasi, kuma tsofaffin unguwa har gobe Gidan Fatake suke ce masa, ko da yake rabon da bafatake ya sauke kaya a ƙofarsa ya haura shekara arba'in. Yana da babban zaure mai ƙofa biyu, da ɗakuna goma sha biyu da suka kewaye tsakar gida, da rijiya, da wani dogon ɗaki marar taga wanda ake kira ɗakin goro, sai fili a baya inda ake ɗaure dabbobi a da, wanda yanzu makanikai ke haya. Ginin ƙasa ne irin wanda a nan ake kira atakpame, wato ana ɗora jiƙaƙƙiyar ƙasa sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba.

Abin da muka gada a baki shi ne mahaifin kakanmu Bakano ne da ya yi fataucin goro a Salaga, a zamanin da sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su gangaro dajin da goron yake, sai dai su jira shi a kasuwannin Gwanja. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watse kasuwar, mutane suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Atebubu da Kintampo, kuma bayan da Turawan Ingila suka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, hanyar Kumasi ta buɗe, iyalinmu suka shigo tsohon Zango. Annobar 1924 ce ta sa hukuma ta rushe wani ɓangare na tsohon Zangon, kuma kakanmu yana cikin waɗanda suka rasa matsuguni. Maimakon ya jira a ba shi ɗaki, sai ya fito bakin hanyar arewa ya nemi fili ya kafa masauki.

Baffa yana son a baje ginin a ɗora bene mai shaguna, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba, domin gidan a halin yanzu cin kuɗi yake yi, ba ya kawowa. Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu mata, ba ta yi doguwar magana ba. Cewa ta yi: "Ku bari in mutu tukuna." Wannan ce ta kashe bakin kowa.

25 ga Nuwamba, 2023

Mako uku ke nan ina kan takardu. Ƙasar Kumasi da kewayenta ta kujerar sarauta ce, abin da mutum ke riƙe da shi haya ce ta shekaru, ana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. Na tarar da bashin shekaru da dama a kanmu, kuma laifin namu ne, domin kowane magaji ya ɗauka wani na biya. Na biya rabi daga asusun karo-karo.

'Yan haya huɗu ne a gidan, kuma ɗaya daga cikinsu, wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar zaure, ta girme ni a zaman gidan. Mun yi musu alkawarin ba wanda za a kora, sai dai za a riƙa matsar da su daga ɗaki zuwa ɗaki yayin da aiki ke tafiya.

16 ga Disamba, 2023

Hunturu ya shigo, ƙasa ta bushe, mun fara duba bango. Maginin da muka ɗauko dattijo ne mutumin arewa wanda ya tashi cikin ginin ƙasa, kuma abin da ya fara yi shi ne zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma yana saurare. Inda ya ji sauti kamar na ganga sai ya yi alama da gawayi. Da ya gama, bangon gabas kusan duk ya zama baƙi.

Ya sa yaronsa ya fasa wuri guda, sai ga falangen siminti ya ɓallo kamar ɓawon rogo, ƙasar da ke bayansa kuma jiƙe sharkaf tana warin ruma, ga hanyoyin gara sun yi mata zane. Simintin nan mahaifina ne ya sa aka shafa shi a ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin guminsa, yana ganin gata ya yi wa gidan ubansa. Bayanin maginin shi ne bangon ƙasa yana shan laima daga tushe yana kuma fitar da ita ta jikinsa idan rana ta fito, to idan aka rufe shi da siminti laimar ba ta da hanyar fita, sai ta zauna tana cin bangon daga ciki, kuma da zarar simintin ya tsage ruwan sama ma ya samu ƙofa. Haka aka yi da masallacin Larabanga, wanda aka shafe da siminti a shekarun 1970, daga baya a farkon shekarun 2000 sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa kafin ginin ya samu lafiya. Wanda ke shakka ya je Besease kusa da Ejisu ya ga tsofaffin gine-ginen ƙasa na Asante da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, ya ga yadda ake kula da su.

Baffa ya zo ya tsaya a kan tarin simintin, ya ce da ni: "Kai yanzu abin da ubanka ya gina shi za ka fara rushewa?" Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin, kuma maganar ta kwana tana cina. Duk da haka na ba da umarnin a kankare bangon gabas gaba ɗaya, a bar shi ya sha iskar hunturu.

13 ga Janairu, 2024

Yau muka buɗe ɗakin goro. Makullinsa ya ɓace tun ina yaro, sai da aka yanke kwaɗon. Ɗakin yana da sanyi kamar randa, kuma ko da yake shekaru sun wuce, da na sunkuya kusa da daɓe sai na ji kamar akwai sauran ƙamshin danshin ganye. A gefe guda akwai dakali mai tsawo da ake jera kwanduna a kai domin kada su taɓa ƙasa, kuma a jikin bango akwai zane-zanen gawayi, sanda-sanda a jere, wanda Gwaggo ta ce lissafin ƙwarya ne, kowace ƙwarya goro ɗari. A cikin tsagar daɓe yaron magini ya tono kwabo biyu masu huda a tsakiya, irin na zamanin Turawa.

Abubuwa biyu ne suka tsayar da aikin yau. Na farko wani littafi ne mai bangon fata, rubutun ajami, wanda gara ta ci gefensa amma ta bar tsakiya. Na biyu akwatin ƙarfe ne a kulle, an ɗaure shi da igiya, an liƙa masa takarda.

Na kai littafin wurin malaminmu na unguwa, muka zauna har isha'i yana karantawa ina rubutawa da boko. Na ɗauka lissafin kuɗin ɗaki zan gani, amma babu layi ko ɗaya na kuɗin kwana. Abin da ke ciki shi ne wane mutumin gari kaza ya sauka da shanu kaza, an sayar wa mahauci wane bashi zuwa kwana kaza, mai gida ya tsaya masa. Wane ya bar kuɗi ajiya zai karɓa idan ya dawo daga Mampong. Wane ya sayi goro huhu kaza, an cire la'ada. Idan an biya, sai a ja layi a kan rubutun. A nan na fahimci cewa sana'ar kakanmu ba hayar ɗaki ba ce. Baƙo yana sauka kyauta, a ba shi abinci, a ajiye masa kaya, a haɗa shi da dillali, a yi masa tafinta da Asantawa, kuma idan an sayar da kayansa bashi mai gida ne zai biya idan mai saye ya gudu. Abincin mai gida yana cikin la'adar ciniki, jarinsa kuwa shi ne a san shi daga nan har Sakkwato da Wagadugu a matsayin wanda ba ya cin amana.

Layukan littafin duk an ja musu layi, ban da guda uku na shafin ƙarshe. Biyu gara ta cinye su. Na ukun ya ce wani mutumin Dogon Dutsi ya bar akwati ajiya, zai aiko a karɓa.

3 ga Fabrairu, 2024

Na ɗauki yini guda wurin Gwaggo da na'urar ɗaukar magana ta waya, kuma abin da ta faɗa ya cike mini giɓin da littafin ya bari.

Ta ce lokacin da ta yi wayo zamanin ayarin jakuna ya riga ya wuce, domin tun da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, manyan 'yan kasuwa suka koma tura goro bakin teku, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne shanun da ake korowa a ƙasa daga arewa, da manyan motocin da ke bin hanyar Tamale ta Salaga su haye kogi a Yeji su biyo Atebubu da Ejura su gangaro dutsen Mampong, da kuma samarin Mosi da Zabarmawa masu zuwa aikin gonar koko, waɗanda ke kwana a zaure kafin su shiga daji. Ta ce a lokacin kakar goro mata shida ne ke zama a wancan ɗaki suna tsince shi ɗaya bayan ɗaya, suna ware wanda sankara ta taɓa, suna canja ganyen fita suna yayyafa ruwa, kuma ita aikinta tun tana 'yar shekara bakwai shi ne ɗebo ruwan daga rijiya.

Na tambaye ta abin da ya kashe gidan, sai ta ƙirga mini uku da yatsunta. Na farko ruwa ne: da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya cika, mashigar Yeji ta zama teku, motocin arewa suka koma bin Kintampo da Techiman. Na biyu shi ne korar baƙi, wato dokar da gwamnatin Busia ta fitar ranar 18 ga Nuwamba, 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ta ce a cikin kwanakin nan tsakar gida ta cika da mutanen da suka baro ƙauyuka suna jiran mota, ana sayar da keken ɗinki a kuɗin buhun gari, kuma kakanmu, wanda tsufa ya riga ya kama shi, ya zauna a zaure yana mayar wa kowa ajiyarsa yana jan layi a littafi. Mai akwatin nan bai samu wuri a motar ba sai na jikinsa, shi ya sa ya bar shi.

Na ukun ban taɓa tunaninsa ba. Ta ce ranar 4 ga Agusta, 1974 Gana ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama, sai motocin da ke shigowa gari daga arewa, waɗanda a da ke tsayawa daidai ƙofar zaurenmu, suka koma tsayawa a ɗaya gefen titi. "Ɗan nan," in ji ta, "mai kaya a ka ba ya tsallake titi don neman masauki." Na yi dariya, amma da na fita na tsaya a ƙofar zaure na ga duk masu abinci da masu shayi a wancan gefen suke, sai dariyar ta tsaya.

2 ga Maris, 2024

An gama yaɓen farko na bangon gabas da jar ƙasa da yashi da yankakkiyar ciyawa, kuma an cike tushe da duwatsu a wuraren da ruwa ya rarake. Mun koma kan rufi, domin dole a rufe gidan kafin ruwan Afrilu.

A nan na tafka kuskure. Tsofaffin katakan rufin na itacen odum ne, kuma mafi yawansu har yanzu ƙusa ba ta shigarsu da sauƙi, guda tara ne kawai suka ruɓe inda kwano ya yi yoyo. Na je sayen madadinsu ni kaɗai ba tare da kafinta ba, wani mai katako ya ba ni farashin da ya faranta mini rai, na biya na kawo. Kafinta ya ɗaga guda ɗaya da hannu ɗaya, ya kankare gefensa da wuƙa, sai ga fari fat a ƙarƙashin launin da aka shafa. Itacen wawa ne, katako marar nauyi wanda gara ke ci kamar tuwo. Mai katakon ya ƙi karɓa, kuma na rubuta asarar a kaina, ba a kan asusu ba. Za mu yi amfani da su wajen yin bencin zaure.

14 ga Afrilu, 2024

Aiki ya yi sanyi a cikin azumi, sai da aka yi Sallah muka koma. Rufin ya kammala, mun ƙara wa kwanon tsawo ta yadda zai zubar da ruwa nesa da bango, mun kuma haƙa kwata ta kewaye gidan. An yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, kuma bangon gabas bai nuna laima ba. Ɗaki na bakwai yana yoyo a kusurwa.

Da yake 'yan'uwa sun taru don Sallah, mun zauna a kan babbar tambaya, wato me za a yi da gidan idan an gama. Wani ɗan'uwanmu da ke waje ya kawo shawarar a mai da shi gidan tarihi, Turawa masu zuwa Manhyia, fadar sarkin Asante, su riƙa biyowa suna biyan kuɗin shiga. Ban goyi baya ba, domin ban ga abin da zai kawo mai yawon buɗe ido Tafo ya kalli ɗakuna goma sha biyu babu kowa a ciki ba, kuma ginin ƙasa idan ba a kwana a cikinsa ana buɗe ƙofa ana share shi, lalacewa yake yi da sauri. Baƙi kuwa ba su daina zuwa Kumasi ba. Akwai mata masu kawo doya da albasa daga arewa da ke kwana a kan buhunansu a tasha, akwai masu jinyar 'yan'uwansu a asibitin Komfo Anokye da ke shafe makonni ba su da wurin wanka, akwai 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia.

Abin da aka tsayar shi ne ɗakuna huɗu su zauna a hannun 'yan hayarmu, shida a riƙa ba matafiya da masu jinya a kuɗi kaɗan, ɗaya na mai kula da gida, ɗaya kuma a bar shi kyauta ga baƙon da ba shi da ko sisi, kwana uku, kamar yadda addini ya tsara haƙƙin baƙo. Ɗakin goro za a bar shi yadda yake, da dakalinsa da zanen gawayinsa. Baffa ya samu shaguna biyu a gefen filin makanikai, da bulo, ba a jingine da tsohon bango ba, kuma daga hayarsu za a riƙa biyan kuɗin ƙasa da yaɓen shekara-shekara. Ya ce bai gamsu ba, amma shi ya fara kawo birkila.

25 ga Mayu, 2024

An gyara yoyon ɗaki na bakwai. An yashe rijiya, an yi mata murfi, amma ruwanta na wanki ne kawai har sai an gwada shi, saboda man da makanikai suka daɗe suna zubarwa a baya. An fara ginin banɗaki huɗu, biyu na mata biyu na maza. Takardar izinin shaguna tana hannun hukuma, na je sau uku.

6 ga Yuli, 2024

Maganar akwati. Malam ya ce ajiya ba ta zama gado, kuma wajibi ne a nemi mai ita ko magadansa iyakar ƙoƙari, idan an rasa sai a yi sadaka da ita da sunansa. Ya kuma ce a buɗe a gaban shaidu domin a san abin da ake nema wa mai shi. Mun buɗe a zaure, ni da Baffa da Gwaggo da Malam da dattawan unguwa biyu. A ciki akwai babbar riga ɗaya mai aiki wadda asu ya taɓa, da tasoshi shida sababbi a cikin takardarsu, da turmin atamfa biyu, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka. Gwaggo ta ɗauki tasa ɗaya ta juya ta, ta ce kayan aure ne yake tarawa, sannan ta tashi ta shiga ciki.

Na ɗauki hoton takardar da ke jikin akwatin da na shafin littafin, na ba direbobi biyu masu ɗauko albasa daga Nijar, na kuma kai wa shugabannin Zabarmawa da na Hausawan Nijar da ke gari. Sunan mutumin da na mahaifinsa suna nan a rubuce, amma irin sunayen da ke cike da kowace unguwa ne.

14 ga Satumba, 2024

An shafe bango da farar ƙasa ciki da waje, an sa wutar lantarki a ɗakuna takwas. Kuɗin asusu ya kusa ƙarewa, saura ƙyamare uku da tagogin gefen kudu, kuma na aika wa kowa lissafi dalla-dalla. Izinin shaguna ya fito.

Daren jiya baƙuwar farko ta kwana a gidan, wata mata daga wajen Bawku da ta kawo mijinta asibiti, mai kokon ƙofar zaure ce ta tsinto ta a tasha ta kawo ta. Ban shirya littafin baƙi ba tukuna, sai na rubuta ta a bayan wannan. Da safe ta ba ni wani ƙullin kuɗi ta ce in ajiye mata, tana tsoron yawo da shi a asibiti, na ƙirga a gabanta na rubuta adadin ta dangwala yatsa.

Ɗaya daga cikin direbobin albasa ya bugo waya ya ce an nuna masa wani tsoho a wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi wanda yayansa ya yi zaman Kumasi ya dawo shekarar kora, kuma direban zai koma ta can a ƙarshen wata da hoton gafakar. Ruwan Satumba ya fara, gobe magini zai zo mu duba tushen bangon kudu.